Hannun da Ya Tare Messi, Shi Ya Yi Amai a Bloemfontein: Shaida Kan Vincent Enyeama

Duk wanda ya taɓa horar da masu tsaron raga ya san golan lig daban, golan gasa daban, ko da kuwa a jiki ɗaya suke zaune. A lig, idan ka yi amai, wato ƙwallo ta kuɓuce daga hannunka, ranar Asabar, akwai wata Asabar ɗin da za ka wanke kanka. Gasar kofi ba ta da wannan haƙurin. Wasa uku ne a rukuni, daga nan sai sili ɗaya ƙwale, kuma ƙwallo ɗaya da ta kuɓuce maka tana iya shafe goma da ka tare. Wannan shaida ce a kan Vincent Enyeama, golan da ya yi shekara goma sha uku yana shiga irin wannan wuta da rigar Najeriya, daga 2002 zuwa 2015, wasa 101. Aikin hannunsa za mu bi, ƙwallo bayan ƙwallo, yadda masu sana'ar suke karanta shi.

An haifi Vincent Enyeama ranar 29 ga Agusta, 1982, ya kuma fara fitowa ne daga ƙungiyar Ibom Stars. Abu na farko da mai horarwa zai lura da shi a jikinsa shi ne tsawo. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta 2.44, kuma manyan ƙungiyoyin Turai sun fi son gola mai mita 1.90 ko fiye. Enyeama bai kai ko 1.85 ba. Gola irin wannan ba ya da rarar hannu, don haka ƙafa ce take biya masa bashin. Ku duba tsayuwarsa kafin a buga: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyin jiki a kan gaban tafin ƙafa, hannaye a gaban ƙugu. Yana bin ƙwallo da ƙananan taku, ba ya harɗe ƙafa, kuma daidai lokacin da mai bugu ya ja ƙafarsa baya, shi ya tsaya cak. Wannan tsayawar ita ce rabin aikin. Golan da ƙwallo ta bar ƙafar mai bugu alhali shi yana cikin taku, ko da sauri gare shi kamar walƙiya, ya makara, domin sai ya sauke ƙafar da ke sama kafin ya iya tunkuɗa jikinsa.

Duniya ta fara ganinsa a kofin duniya, a Osaka ta Japan, 12 ga Yuni, 2002. Najeriya ta riga ta sha kashi a hannun Ajantina da Suwidin da Ike Shorunmu a raga, ba sauran abin nema, sai koci Adegboye Onigbinde ya saka yaro ɗan shekara 19 a gaban Ingila. Haka ƙofar take buɗe wa ƙananan gololi a gasa: ana tafiya da uku, na ɗaya ya cinye wasannin, sauran biyun su jira rauni, jan kati, ko wasan da ba shi da nauyi. An tashi babu ci. Ƙwallon da ake tunawa ita ce ta Paul Scholes daga nesa, wadda Enyeama ya taɓa ta daki turke. Bai yi ƙoƙarin cafke ta ba, kuma daidai ya yi. Ƙwallo mai wannan ƙarfin, idan sai ka miƙe jiki gaba ɗaya kafin ka same ta, ba ta kamawa ba ce. Tafin hannu ake sa mata, a ƙame wuyan hannu, a karkatar da ita waje.

A Enyimba ta Aba ya koyi ɗaya fuskar gasa, wato wasa gida da waje. Sun ci kofin zakarun Afirka a 2003, inda suka doke Ismaily ta Masar 2 da nema a Aba, aka ci su ɗaya a can. Suka sake ɗauka a 2004 a kan Etoile du Sahel ta Tunisiya. A wannan wasan ƙarshe na 2004 ne aka yi abin da har yau masu horarwa suke gardama a kai. Kowace ƙungiya ta ci 2 da 1 a gidanta, kuma Enyeama da kansa ya zura fenariti a wasan Abuja. Amma gab da bugun raba gardama sai aka fitar da shi, aka saka Dele Aiyenugba, Enyimba ta yi nasara 5 da 3. Shekara goma bayan nan kocin Holan Louis van Gaal ya yi irin wannan da gola Tim Krul a kan Kosta Rika a kofin duniya, duniya ta ɗauka sabuwar dabara ce.

Ga mai son gwadawa, ga sharuɗɗanta. Doka ta ce wanda yake cikin fili lokacin da aka busa tashi shi kaɗai zai shiga bugun fenariti, sai fa golan da ya ji rauni. Ke nan dole canjin ya faru kafin busar ƙarshe, dole kuma ka ajiye canji ɗaya a aljihu, a zamanin da uku kacal ake bayarwa. Sai ƙwallo ta fita kafin a yi canji, to idan ba ta fita ba har aka busa, shirinka ya rushe. Idan kuma ka yi shi da wuri, gola mai sanyin jiki zai iya cin karo da kwana a taɓawarsa ta farko. Ga kuma abin da ba a gani a allo: ka shaida wa golanka na ɗaya, a gaban jama'a, cewa ba ka yarda da shi ba a wurin da ya fi muhimmanci. Wasu daga nan suke karyewa.

Shi bai karye ba, fenaritin ma ya mayar gonarsa. A kofin Afirka na 2004 Tunisiya ta fitar da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe da bugun fenariti, bai tare ko ɗaya ba. Shekara biyu bayan nan suka sake haɗuwa a Port Said ta Masar, a kwata fainal, aka tashi 1 da 1. 'Yan Najeriya biyu suka ɓarar, shi kuma ya tare uku, aka wuce da 6 da 5. A 2010, a Lubango ta Angola, an yi minti 120 da Zambiya ba ci. Ya tare bugun Thomas Nyirenda, sannan ya ɗauki ƙwallo ya buga ta biyar da kansa, 5 da 4.

Nan ya kamata a tsaya a yi lissafi, domin 'yan kallo suna cewa fenariti sa'a ce. Daga ɗigon bugu zuwa layin raga mita 11 ne. Ƙwallon da aka buga da gudun kilomita 100 a awa tana cin wannan tazarar cikin kashi huɗu bisa goma na daƙiƙa. Daga tsakiyar raga zuwa kowane turke mita 3.66 ne. Babu ɗan'adam da zai jira ya ga inda ta nufa, sannan ya tashi, ya kai kusurwa a wannan lokacin. Dole shawara ta riga bugu. Abin tambaya kawai shi ne da me za ka yanke ta, kuma yaushe za ka motsa.

Da farko akwai karatun da aka yi tun a masauki: wace ƙafa yake bugu da ita, ina ya aika biyar ɗinsa na baya, yana canjawa idan wasa ya yi zafi ko yana komawa ɓangaren da ya saba. Mai bugu da ƙafar dama ya fi samun ƙarfi idan ya aika ta hannun daman gola, mai hagu kuwa akasin haka. Shi ya sa za ka ga gola yana leƙa gorar ruwansa, sunaye ne a manne. Sai abin da ido zai gani a lokacin. Idan ya taho a karkace sosai, buɗe ƙafa ya fi masa sauƙi. Ƙafar da ya kafa kusa da ƙwallo galibi tana nuna inda za ta tafi. Ƙugu kuma ya fi ido gaskiya, domin ido yana ƙarya, ƙugu sai ya juya kafin ƙafa ta iya bi. Kuskuren da ya fi kashe matasan gololi shi ne tashi da wuri. Akwai masu bugun da ba sa kallon ƙwallo, gwiwarka suke kallo, da zarar ta lanƙwasa gefe ɗaya sai su mirgina ta ɗaya gefen a hankali, a bar ka kwance ana dariya. Lokacin motsi shi ne sa'ad da ƙafar kafawarsa ta taɓa ƙasa, ba kafin nan ba. Kuma doka ta ce ƙafa ɗaya aƙalla ta kasance a kan layi, ko daidai da shi, ko a bayansa lokacin bugu, saboda haka ƙafar da ke gefen da za ka faɗa ita ce za ta yi gaba, ɗayar ta zauna. Enyeama yana da wata riba da mafi yawan gololi ba su da ita, shi ma mai bugu ne. Bayan ya koma Isra'ila a 2005, ya fara da Bnei Yehuda sannan Hapoel Tel Aviv, ya ci fenariti har a gasar zakarun Turai a 2010, a ragar Salzburg da ta Lyon. Wanda ya san yadda zuciya take bugawa a wannan tattakin daga tsakiyar fili, ya san abin da zai nema a fuskar wani.

Sai kofin duniya na 2010, inda aka ga fuskokinsa biyu cikin kwana biyar. Ranar 12 ga Yuni, a Ellis Park da ke Johannesburg, a wasa da Ajantina, Gabriel Heinze ya ci da ka a minti na 6 daga kwana, babu mai tsaronsa. Daga nan wasa ya koma tsakanin mutum biyu. Messi yana yankowa daga dama yana lanƙwasa ta da hagu zuwa kusurwar nesa, Enyeama yana fitar da ita. Masu koyo su lura da hannun da ake amfani da shi a irin wannan ƙwallon. Idan ta nufi sama ta hannun damanka, hannun hagu ne zai bi ta ta saman kai, domin idan jiki ya kwanta a iska shi ne yake sama, shi ya fi kai wa. Gola mai gajarta da ya nace da hannun da ke kusa, ƙwallo za ta wuce ta saman yatsunsa. An ci Najeriya ɗaya, amma shi aka ba gwarzon wasa.

Ranar 17 ga wata, a Bloemfontein, Girka. Kalu Uche ya ci a minti na 16, aka ba Sani Kaita jan kati a minti na 33, Girka ta farke kafin hutu da ƙwallon da ta daki Lukman Haruna ta canja hanya. Bayan hutu Enyeama ya yi ta ceton mutum goma, har da wadda ya tare wa Theofanis Gekas gaba da gaba. A minti na 71 Alexandros Tziolis ya buga wata ƙasa-ƙasa daga wajen yadi na 18, ba ta ma kai waɗancan wahala ba. Ya yi amai da ita a gabansa, Vasilis Torosidis ya ƙarasa.

An ɗora laifi a kan ƙwallon gasar, Jabulani, kuma ba ƙarya aka yi mata ba. Gololi da yawa sun koka da ita, tana rawa a iska, ga garuruwan a kan tudu suke, iska ba kauri, ƙwallo ba ta rage gudu yadda aka saba. Amma mai horarwa ba ya tsayawa a nan. Ƙwallon ƙasa da ta nufo kusa da jikinka hanya biyu take da ita. Ko ka kai ƙirjinka bayanta, hannaye a ƙasa kamar mai ɗiban ruwa, ƙananan yatsu a haɗe, ka faɗa gaba ka rufe ta. Ko kuma, idan ka ga tana rawa ko ta daki ƙasa a gabanka, ka haƙura da kamawa ka tura ta gefe, wajen layin kwana, inda babu kowa. Amai yana zuwa ne a tsakanin biyun, hannu ya fara da niyyar kamawa, ƙwallo ta canja a taku na ƙarshe, sai ta daki hannu ta dawo tsakiya. Kuma tsakiyar yadi na shida, mita 5.5 daga raga, nan ɗan gaba yake kwana. Akwai rabon 'yan baya ma a ciki, domin duk bugun da aka yi wa golanka, aikinka ne ka riga abokin hamayya isa gabansa. Da mutum goma da gajiya, ba wanda ya bi. Abin mamaki, a wannan wasan ma shi aka ba gwarzo.

Kofin Afirka da ya ɗauka da Najeriya ya zo a 2013, a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Stephen Keshi, kuma shi ya ɗaura kyaftin a yawancin wasannin saboda Joseph Yobo yana benci. Wasanni biyu na farko a Nelspruit aka yi su, a filin da yashi ya fi ciyawa yawa. A irin wannan fili ƙwallo ba ta tashi iri ɗaya sau biyu, saboda haka ɗumin jiki ba na miƙe jijiya kaɗai ba ne: a sa a yi ta buga maka masu dukan ƙasa a ragar da za ka fara tsarewa, ka taka gaban ragar da ƙafarka ka san inda ya yi laushi. Duk wanda ya taɓa tsaron raga a gasar unguwa a kan fako da tsakuwa ya san wannan karatun ba sai an koya masa ba. A can ne golan Zambiya, Kennedy Mweene, ya ci shi da fenariti, gola ya ci gola. Wasa shida, ƙwallo huɗu kacal suka shiga ragarsa. A wasan ƙarshe da Burkina Faso, 10 ga Fabrairu, Sunday Mba ya ci kafin hutu, Enyeama ya daɗe bai sami aiki ba, sai can a rabi na biyu Wilfried Sanou ya sako wata ƙasa-ƙasa zuwa kusurwar nesa, ya taɓa ta da kan yatsu ta wuce turke. Mu a wurinmu wannan ta fi na Messi daraja. Tare ƙwallo ta takwas da jiki a ɗumi abu ne mai sauƙi a kan tare ta farko bayan dogon zaman banza. Maganin zaman kuwa baki ne da ƙafa, ka yi ta magana da 'yan bayanka, ka yi ta matsawa da ƙwallo ko tana can gaba.

A Lille ta Faransa ya nuna shi golan lig ne ma. A kakar 2013 zuwa 2014 ya yi wasa 11 a jere ba a ci shi ba, minti 1,062, saura 114 ya kamo tarihin Gaetan Huard na minti 1,176. Bordeaux ce ta karya, da ƙwallon da ta daki ɗan bayansa Simon Kjaer.

Da wannan ƙarfin ya je kofin duniya a Barazil a 2014. Babu ci da Iran. Da Bosniya, ana gab da tashi Najeriya na gaba da ɗaya, Edin Dzeko ya juya ya buga daga kusa, Enyeama ya sa ƙafa ta daki turke. Daga irin wannan kusancin hannu ba ya kai ƙasa a kan lokaci, ƙafa ce kayan aiki, kuma golan da yake jin kunyar tarewa da ƙafa bai gama koyo ba. Da Ajantina, ranar da Ahmed Musa ya ci biyu, Messi ya sami bugun tazara sau biyu gab da hutu. Ta farko ya tashi ya fitar, ta biyu ta bi ta saman katanga ya bi ta da ido. Tsarin katanga sananne ne: mita 9.15 daga ƙwallo, mutum huɗu ko biyar idan a tsakiya ne, na ƙarshe ya ɗan wuce layin turke na kusa, gola ya tsaya inda yake ganin ƙwallo ya tsare nasa ɓangaren. Idan ta bi ta saman katanga ta sauka a kusurwa, a yaba wa mai bugu. Abin da ba a yafewa shi ne ka saci taku zuwa bayan katanga a ci ka a naka gefen.

Ranar 30 ga Yuni, a Brasilia, zagaye na biyu da Faransa, wasa na huɗu cikin kwana goma sha biyar. Minti 78 yana riƙe da su. Ya tare wa Paul Pogba wata mai zafi kafin hutu, ya rage wa ta Karim Benzema ƙarfi har Victor Moses ya share ta a kan layi, ya kuma ɗaga wata da Benzema ya sa wa kai ta saman raga. Mathieu Valbuena ya bugo kwana. Enyeama ya fito, ya taɓa ta da buɗaɗɗen tafin hannu ɗaya, ta tashi a hankali ta sauka a kan Pogba a turke na nesa, raga a buɗe. Minti na 79. Yobo ya ci gida a ƙarshe, 2 da nema.

Kwana ita ce wurin da gajeren gola yake biyan haraji. Zaɓi uku ne, kuma sai ƙwallo ta tashi ka karanta tafiyarta kafin ka ɗauki ɗaya. Ko ka zauna a layi ka yi wa 'yan baya ihu su fitar. Ko ka fito ka kama ta a ƙololuwar tsallenka, ka tashi da ƙafa ɗaya, gwiwar ɗayar a sama tana kare ka. Ko ka naushe ta da dunƙulen hannu, biyu idan za ka mayar da ita inda ta fito, ɗaya idan za ka ƙara mata gudu ta wuce ɗaya gefen, kuma naushin ya haɗa abu uku, sama, nesa, gefe. Buɗaɗɗen tafi ba ya cikin ukun, sai idan ta saman raga za ka tura ta. Yana zuwa ne idan ka shiga ƙarƙashin ƙwallo da wuri, ta fi ka tsawo, ka koma kana miƙa hannu baya ba ƙarfi. Taku na farko shi ya jawo komai. Da ya jinkirta shi kaɗan, ko ya zauna a layinsa, da wata magana ake yi. Amma mutumin da ya yi ta ceto tun farkon wasa jininsa yana gaya masa kowace ƙwallo tasa ce, kuma wannan jin ne ya sa ya tare waɗancan.

Wasansa na 100 ya zo a Maris 2015, da Uganda a Uyo. A watan Oktoba na shekarar, bayan rasuwar mahaifiyarsa, saɓani ya shiga tsakaninsa da koci Sunday Oliseh a sansanin Najeriya da ke Beljiyam, aka ba Ahmed Musa kyaftin, shi kuma ya ajiye rigar ƙasa yana da shekara 33, shekarun da gola yake kan ganiyarsa. Ya ci gaba da Lille har ya ji rauni a gwiwa a 2017, suka rabu a 2018. Matashin da yake zaune a benci a bayansa, wanda ya gaji ragar, shi ne Mike Maignan, da ya zama golan Faransa na ɗaya a 2023 bayan Hugo Lloris ya ajiye.